Tik-tik a saman injin Corolla: a auna kafin a taɓa aljihu

Tambaya

Assalamu alaikum. Ina da Corolla ƙirar 2006, 'yar Amurka, mai injin 1ZZ. Da ita nake lodi tsakanin Kano da Zariya, ita ce kuma cin gidana. Kusan wata biyu ke nan tana wata ƙara daga saman inji, tik-tik-tik, ko ta yi zafi ba ta dainawa. Ban da wannan, idan ta kwana na yi mata ki da asuba sai ta yi "garrr" na ɗan lokaci ƙanƙane, sannan ta daina. Gudunta bai ragu ba, fitilar mai ba ta kawo ba. Wani bakanike ya ce tafet ne, in zuba 20W-50 da gwangwanin maganin kauri. Wani ya ce in kawo ya ɗaure tafet ɗin. Wani kuwa ko bonet bai gama ɗagawa ba ya ce in fara neman kuɗin inji ɗan Beljiyam. Wanda ya ce zai ɗaure ɗin ƙanin mai ɗakina ne, ina jin nauyin in tsallake shi in kai wa bare. Kuɗin da ke hannuna na hayar gida ne. Maganar wa zan ɗauka?

Direba daga Kano

Amsa

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya tsare hanya, ya sa wa nema albarka.

Bar kuɗin haya a inda suke. Kada ka sayi inji, kada ka zuba maganin kauri, kada kuma ka yarda a ce za a ɗaure maka tafet, don injinka ba shi da abin ɗaurewa. Yadda ka kwatanta, ƙara iri biyu ce a motar, kowacce da mafitarta, kuma babu wadda ta yi kama da kukan injin da ya gama aiki. Abin da ake bukata yanzu awo ne, kuɗinsa kuwa bai wuce ladan bakanike da sabon gaskit ɗin murfin sama ba.

Ga abin da ya sa shawarwari biyun farko ba su dace da motarka ba. Tsakanin kamshaf, wato sandar ƙarfe mai tozaye da take juyawa tana tura bawul ya buɗe, da kan kowane bawul akwai 'yar tazara da masu ƙera inji suka bari da gangan, saboda ƙarfe yana miƙewa idan ya ɗauki zafi. Idan tazarar ta yi yawa, tozon kamshaf yakan doki bawul maimakon ya tura shi a hankali, daga nan tik-tik yake fitowa. Kamfanoni sun bi hanya uku wajen kula da wannan tazara. Akwai masu sukuru da noti, irin Honda Accord ɗin da ake kira EOD, da Civic, da tsohuwar Peugeot 504. Waɗannan ne ake sassautawa a daidaita da sifana da sukudireba. Akwai masu tafet ɗin mai (tafet shi ne ƙarfen da ke tsakanin kamshaf da bawul), irin Golf 3 da Corolla mai injin 2ZR wadda ta biyo bayan taka. A cikinsu matsin baƙin mai ne yake cika tafet ɗin ya toshe tazarar da kansa, shi ya sa datti ko ƙarancin mai ke sa su kuka, juye mai kyau kuma sau da yawa yakan yi maganinsu. Na uku shi ne naka. A 1ZZ kowane bawul an kifa masa ƙaramin kofin ƙarfe, kamshaf yana taka bayan kofin kai tsaye. Babu sukuru, babu mai a cikinsa, babu ma 'yar farantin nan da ake zarewa a sauya a tsofaffin injinan 4A da 5S. Kaurin kofin shi ne setin. Bawul 16, kofi 16, kowanne da lambar kaurinsa rubuce a ciki.

Ka ga ke nan bakanike na farko ya ba ka maganin Golf, na biyu ya ba ka na Honda. Mai mai kauri yakan dushe ƙarar, gaskiya ne, amma tazarar tana nan yadda take, sai ƙarin matsala: da sanyin asubar hunturu yana ɗaukar lokaci kafin ya hau saman inji, wanda shi ne wuri na ƙarshe da mai yake isa. Wannan jinkirin zai tsawaita "garrr" ɗin safiyarka ne.

A fara da abin da ba ya cin ko sisi. Ajiye motar a wuri mai daidai, ka kashe ta, ka jira minti biyar zuwa goma, ka zare sandar awon mai ka goge, ka mayar ka sake zarewa. Tsakanin alamar ƙasa da ta sama akwai fiye da lita guda. Injinan 1ZZ, musamman na farko-farko, sun yi suna wajen shan mai ta ringi, motar da take kai da kawowa a babbar hanya kuwa za ta iya sauka ƙasa da alamar kafin lokacin juye ya yi. Kada ka dogara da fitilar mai. Ba yawan mai take aunawa ba, matsinsa take aunawa, kuma ba ta kawowa sai matsin ya kusa ƙarewa gaba ɗaya. Bayan haka buɗe murfin zuba mai ka haska ciki da tocilan. Ƙarfe mai launin ruwan zuma alamar lafiya ne. Baƙin ƙulli mai danƙo ko busasshen gawayi alamar an daɗe ana jinkirta juye, ko an sha zuba jabun mai.

Sai sauraro. Kamshaf yana juyi ɗaya a duk juyi biyu na karanshaf. Injin da ke silo a juyi 700 a minti, kowane bawul nasa yana buɗewa sau 350, kusan sau shida ke nan a daƙiƙa guda. Saboda haka ƙarar bawul siririya ce, daidai wa daida, kamar ta keken ɗinki, tana ƙara sauri idan an taka totur amma nauyinta ba ya canzawa ko mota tana hawan tudu da kaya. Ƙarar metal ɗin kwanrod daban take: dum-dum ce mai nauyi daga ƙasa, tana fitowa sosai idan inji ya yi zafi mai ya tsinke, ko a daidai lokacin da aka taka totur aka saki.

Samu doguwar sukudireba, ka ɗora bakinta a jikin inji, mariƙinta a kunnenka. Naɗe hannun riga tukuna, ka cire duk abin da yake reto a jikinka, don fambel yana kusa, fankar lagireto kuma takan tashi da kanta ba sallama. Bi murfin sama daga gefen sarƙa zuwa gefen giya, layin gaba sannan layin baya. A wannan inji bawul ɗin shigar iska suna gaba, na fitar hayaƙi suna baya wajen direba. Daga nan ka taɓa murfin sarƙar tayimin, sai jikin bulok, sai kwanon mai na ƙasa. Inda ƙarar ta fi shiga kunne, nan ne unguwarta.

Akwai abubuwa da yawa da suke yaudarar kunne, an sha kwance tof silinda a banza saboda su. Nozul ɗin fetur yana tik-tik da sauri ɗaya da na bawul, kuma aikinsa ke nan, ba ciwo ba ne. Ɗora sukudireba a jikinsa za ka ji. Gwajin da yake raba gardama shi ne a zare sokat ɗin nozul ɗaya bayan ɗaya, na 'yan daƙiƙu, inji yana silo. Idan tik-tik ɗin ya ɗauke ƙaf da zare wani sokat, nozul ne. Idan ƙara mai nauyi ce ta ragu, matsalar tana ƙasa, a metal ko fistin na wannan silindar. Idan an zagaye huɗun duka ƙarar ba ta motsa ba, to tana sama, don kamshaf yana taka bawul ko silinda tana cin wuta ko ba ta ci. Fitilar cek za ta kawo a wannan gwajin, sai a goge ta da na'ura.

Gaskit ɗin manifol na salansa idan ya ƙone yakan yi tif-tif mai kama da tafet, amma ya fi ƙarfi da sanyi, yana raguwa idan ƙarfe ya kumbura, kuma za a ga baƙin hayaƙi a gefen da yake hurawa. Fulogin da bai ɗauru ba ma haka yake yi. Sai tenshinan fambel, wanda a 1ZZ sananne ne da kwaramniya idan ya gaji. Cire fambel ɗin a tada inji, idan ƙarar ta ɓace to tana cikin tenshina ko altaneta ko fuli. Kada wannan gwajin ya wuce minti ɗaya, domin fambel ɗin ne yake juya famfon ruwa. Ƙarar ƙyas-ƙyas da take fitowa kawai idan ana hawan tudu a babbar giya kuwa, ta fetur mara kyau ce ko inji mai ɗaukar zafi, babu ruwan bawul.

Ita kuwa "garrr" ɗin asuba, mafi yawanci daga giyar VVT-i take, wadda ke kan kamshaf ɗin shigar iska. Cikinta akwai fukafukai da matsin mai yake turawa don a gaggauta ko a jinkirta buɗewar bawul. Idan an kashe inji, wani ɗan fil yana faɗawa rami ya kulle ta har mai ya dawo. Fil ɗin ko raminsa idan ya cinye, fukafukan sai su yi ta kaɗawa a bushe har mai ya cika su, abin da bai wuce daƙiƙa ɗaya zuwa uku ba. In dai iyakarta ke nan, ba ta gaggawa ba ce. A fara da mai na gaskiya da filta mai kyau, sannan a kwance wani ƙaramin mataci mai raga da yake jikin tof silinda kusa da bawul ɗin da ke ba giyar mai, a wanke shi da fetur. Da yawa ba su ma san yana wurin ba, shi kuwa yakan toshe da datti ya hana giyar samun mai. Idan ƙarar ta fara tsawo, ko tana dawowa inji yana da zafi daga wajen murfin sarƙa, to a duba tenshinan sarƙa da robobin da take kwanciya a kansu. Tenshinan yana bayan inji, noti biyu ne ke riƙe da shi, kuma robar bakinsa takan yi yoyo, saboda haka jiƙewar mai a wannan kusurwar ba baƙon abu ba ne. Na'ura mai karanta kwamfutar mota idan ta nuna lambar matsala P0011 ko P0012, wajen giyar da mai ake nema. P0016 kuwa ya fi karkata ga sarƙar da ta miƙe ko ta tsallake haƙori.

Awo na farko na matsin mai ne, kuma shi ne zai gaya maka ko mai maganar inji ɗan Beljiyam yana da hujja. Ana kwance suwic ɗin fitilar mai a ɗaura geji a gurbinsa, a bar inji ya yi zafi sosai. Toyota ta ce a silo kada ya gaza 29 kPa, wajen psi 4 ke nan, a juyi 3,000 kuma ya kasance tsakanin 294 da 539 kPa, wato psi 43 zuwa 78. Lambar juyi 3,000 ita ce abin dubawa. Idan ta cika, famfon mai da metal ɗinka suna lafiya, maganar sauya inji ta mutu. Idan ta gaza, kafin a zargi famfo a sauke kwanon ƙasa a duba ragar bakin bututun da yake zuƙar mai. Sau da yawa a toshe take da ƙulli da guntayen gam ɗin da aka lafta a wani gyara na baya.

Batun ƙanin mai ɗakinka ba shi da wuya. Ba sai ka tsallake shi ba, ba sai ka gaya masa bai iya ba. Kai masa motar ka ce awo kake so a yi maka a rubuce kafin a sayi komai, ka tsaya a yi a gabanka. Da ya ɗaga murfi zai ga da idonsa babu sukuru. In yana da fila geji, wato siraran ruwan ƙarfe na auna tazara, da haƙurin rubutu, wannan matakin ba ya fi ƙarfinsa. Mataki na gaba ne yake bukatar maikiromita, abin auna kaurin ƙarfe, da sifanar awon ɗauri, in ba shi da su sai ku je tare wurin mai su, shi ma ya ƙaru.

Motar ta kwana a gareji, domin da inji mai sanyi ake awon. Masu Honda su lura da wannan sosai: littafinta ya ce kada zafin tof silinda ya kai digiri 38, a Kano kuwa da ranar Afrilu iskar gari kanta ta wuce haka, don haka aikin safiya ne. Za a cire robar saman inji, kwayil huɗu, tiyo biyu na numfashi, sannan murfin. Kafin a taɓa komai a tsaya a kalli kamshaf. Kowane tozo ya kamata ya zama sumul yana sheƙi. A ja farce a kansa. In farce ya maƙale a zane, ko an ga ramuka ƙanana, ko ƙarfen ya yi shuɗi-shuɗi, ko wani tozo ya fi 'yan'uwansa gajarta, to wannan wurin ya taɓa rasa mai, kuma sauya kofi kaɗai ba zai wadatar ba.

Da sokat mai lamba 19 a juya fulin karanshaf ta hannun agogo har tsagarsa ta zo kan 0, alamomin giyoyin kamshaf biyu kuma su fuskanci juna. In ba su fuskanci juna ba a ƙara juyi ɗaya cikakke. Silinda ta ɗaya ita ce ta gefen sarƙa. A wannan matsayin ana auna bawul ɗin shigar iska na silinda 1 da 2, da na fitar hayaƙi na 1 da 3. A ƙara juyi ɗaya cikakke, a auna na shigar iska na 3 da 4, da na hayaƙi na 2 da 4. Wanda lissafin ya rikice masa, ya bi hanya mai sauƙi: duk bawul ɗin da tsinin tozonsa ya juya wa kofi baya, ana iya auna shi. Ruwan gejin ya shiga tsakanin kamshaf da kofi da ɗan ja kaɗan, ba da tursasawa ba, ba kuma yana lilo ba.

Ƙa'idar 1ZZ da sanyi: shigar iska 0.15 zuwa 0.25 na milimita, fitar hayaƙi 0.25 zuwa 0.35. A zana layi biyu a takarda, gida takwas-takwas, a rubuta abin da aka samu a kowanne. Takardar nan ka riƙe ta a mota ko bayan an gama aiki.

Wanda ya wuce ƙa'ida shi ne mai kukan. Amma ka fi sa ido a kan wanda ya gaza ƙa'ida, don shi ba ya kuka ko kaɗan kuma shi ne mai ɓarna. Bawul yana sauke zafinsa ne a lokacin da ya zauna daram a mazauninsa. Idan mazaunin ya cinye, bawul yana nutsewa ciki, tazara tana raguwa, har ya kai ga ba ya rufewa sosai idan inji ya yi zafi. Wuta sai ta riƙa bi ta gefensa har ta ci bakin. Alamunsa su ne rawar inji a silo, wuyar tashi, da faɗuwar kwamfireshan a silinda ɗaya. Bawul ɗin hayaƙi ne suka fi faɗawa wannan. Tun da aka cire tallafin fetur a 2023 masu motocin haya da dama sun koma iskar gas, kuma iskar gas tana saurin cin mazaunin bawul a injinan da ba don ita aka ƙera su ba. In kana da niyyar komawa, awon yau shi ne abin da za ka riƙa gwadawa da shi nan gaba, kuma sai ka riƙa maimaita shi a kai a kai.

Gyaran lissafi ne. Ana ciro kofin a auna kaurinsa na gaskiya da maikiromita, don lambar da ke ciki ta lokacin da yake sabo ce. Kaurin sabo shi ne kaurin tsoho, a ƙara masa bambancin da ke tsakanin abin da aka auna da tsakiyar ƙa'ida, wato 0.20 a shigar iska, 0.30 a hayaƙi. A ce bawul ɗin hayaƙi ya ba da 0.45, kofinsa kuma 5.30. Rarar 0.15 ce, sabo zai zama 5.45. Toyota tana yin kofunan iri 35, daga 5.06 zuwa 5.74, tsakanin kowanne da na gaba 0.02, sai a ɗauki mai lamba 44 ko 46, wato 5.44 ko 5.46. In kuma matsewa ya yi, a ce ya ba da 0.16 da kofi 5.40, an gaza da 0.14, sabo zai zama 5.26. Kafin a je kasuwa a duba takardar da kyau: sau da yawa kofin da ya yi wa wani bawul kauri shi ne daidai da wani, sai a yi musaya, abin saye ya ragu zuwa biyu ko uku. Sauran ana iya samunsu a jikin tsohon tof silinda a kasuwar Ƙofar Ruwa, amma a tafi da maikiromita, a kuma ƙi duk wanda bayansa ya yi zane ko ya lotsa.

Wata dabara da ake yi a wasu garejoji ita ce a goga kofi ko kan bawul a dutsen injin niƙa ƙarfe don a sami tazara. Kada ka yarda. Taurin waɗannan ƙarafan a fatar sama yake, in an goge ta abin da ya rage mai laushi ne, bayan 'yan watanni ƙarar za ta dawo fiye da da, garin ƙarfen kuma ya bi mai ya zagaye inji.

Ciro kofi sai an ɗaga kamshaf, a nan ne ake bukatar nutsuwa. A sa alamar fenti a sarƙa da giyoyi kafin a cire tenshina, a ɗaure sarƙar da waya kada ta zube cikin murfi. Maƙallan da suke danne kamshaf kowanne da lambarsa da kibiyarsa, kuma ba a musanya su, domin tare da tof ɗin aka huda su. A sassauta su kaɗan-kaɗan ana zagayawa. Kwance ɗaya gaba ɗaya alhali sauran suna ɗaure yana iya lanƙwasa kamshaf ko fasa maƙalli. A jera kofunan a kwali mai gida 16 yadda aka ciro su. Wajen mayarwa a shafa mai a kowane tozo da kowane kofi, a ɗaure babban maƙallin gaba da sifanar awon ɗauri a 23 Nm, sauran a 13 Nm. Aluminiyam ne, wanda ya ɗaure da ƙarfin damtse zai cinye zaren. A juya inji da hannu sau biyu, a tabbatar alamomi sun dawo daidai, a sake auna duka 16 kafin a rufe. Notikan murfin sama wajen 10 Nm suke so, gam kuma ɗigo biyu kawai, a inda murfin sarƙa ya haɗu da tof silinda.

Idan duka 16 suna cikin ƙa'ida, kamshaf sumul, matsin mai ya cika, amma har yanzu akwai tik-tik daga gida ɗaya, a duba sifirin ɗin wannan bawul ko ya karye, da kofin ko yana girgiza a raminsa. Shuɗin hayaƙi da safe tare da fulogi mai jiƙe da mai yana nuna hanyar da bawul yake bi ta faɗaɗa ko robarsa ta bushe. A haɗa da gwajin kwamfireshan: kada wata silinda ta gaza 1,000 kPa, wato psi 145, kada kuma bambancin da ke tsakaninsu ya wuce psi 15. In duk waɗannan sun fita lafiya, abin da kake ji muryar injin ce. Injin mai kofin ƙarfe ba ya yin shiru irin na mai tafet ɗin mai, barinsa a haka kuma ba ya cutar da komai.

Abin da zai kai ga babban kashe kuɗi bai da yawa. Kamshaf ɗin 1ZZ a kan aluminiyam ɗin tof yake kwance kai tsaye, babu metal a tsakani, don haka idan makwancin ya yi zane mai zurfi sai an sauya tof ɗin duka. Ko a nan tof ne, ba inji ba. Inji gaba ɗaya sai in matsin mai ya faɗi bayan an wanke raga, ga dum-dum daga ƙasa, ga ƙyalƙyalin garin ƙarfe a cikin man da aka juye.

In an tarar da ƙulli a ƙarƙashin murfi, kada a zuba kananzir ko gas ɗin manyan motoci a cikin inji a tada shi da sunan wanki. Dattin da ya saki lokaci ɗaya ragar famfo yake zuwa ya toshe. A kankare abin da hannu zai kai, a sauke kwanon ƙasa a wanke, sannan a yi juye biyu ko uku kusa da kusa, kowanne da sabuwar filta. Man da aka rubuta wa 'yar Amurka 5W-30 ne. Injin da ya ci hanya a zafin nan namu, yana kuma ɗan shan mai, 5W-40 ko 10W-40 ba laifi. Ka saya a rufe daga dila da ka sani, ka ga an fasa hatimin a gabanka. Ga motar haya mai shan ƙurar hunturu kada juye ya wuce kilomita 5,000, kuma ka riƙa duba sandar awo kowace safiya kafin lodi.

Za ka iya ci gaba da aiki zuwa ranar da motar za ta kwana a gareji, muddin mai yana kan alama kuma ƙarar ba ta canza ba, amma kada ranar ta wuce wannan makon. In fitilar mai ta yi ko ƙiftawa ɗaya a hanya, ko ƙarar ta koma mai nauyi, ko inji ya fara rawa fitilar cek tana walƙiya, sauka gefen titi ka kashe, a nemo wa fasinja wata motar, taka kuma a jawo ta.